Ƙofar Na'isa da Kayan da Muka Ƙone da Hannunmu

Jawabin da ɗaya daga cikin fastocinmu ya gabatar a taron shekara na matasa a Kano

 An ba ni minti ashirin, kun kuwa san fasto da agogo ba sa ga maciji, shi ya sa na rubuto abin da zan faɗa.

Da safen nan na biyo ta titin BUK, na wuce Ƙofar Na'isa. Wadda kuke gani yanzu ta siminti ce. Ta asali, ginin ƙasa da ya haura shekara 500, an rushe ta a 2010 domin a faɗaɗa hanya. Gaskiya ne ta yi wa motoci kaɗan, ni ma na sha cunkoso a bakinta. Amma ku lura da wannan. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano tun ƙarni na 12, a 1959 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Turawa sun ci Kano da igwa a watan Fabrairu 1903, suka yi mulkinsu suka tafi, Na'isa tana tsaye. Bayan shekara 50 da samun 'yancin kai ne katafila ta kwantar da ita.

Na fara da wannan ne domin yanzu ko'ina maganar da ake yi ita ce a 'yantar da tarihinmu daga hannun 'yan mulkin mallaka. Magana ce mai kyau. Kayan tagulla da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897 sun fara dawowa gida: Jamus ta kawo kashi na farko Abuja a Disamba 2022, Holan ta dawo da guda 119 a 2025. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, wajibi ne ya mayar. Tambayata ita ce, abin da ba wanda ya sace mana fa, yaya muka yi da shi?

Kada mu nuna wa gwamnati yatsa mu manta da kanmu. Mahaifina Bamaguje ne. Ranar da ya karɓi bishara, aka tara kaya a tsakar gida aka cinna musu wuta: layu, guraye, ƙaho, da tukunyar da ake zuba wa jinin kaza a gindin tsamiya. Ban ga laifinsa a kan waɗannan ba, domin shi ya san irin tsoron da suka daure shi da shi. Amma a cikin wutar nan har da garayar kakana, da zanen saƙi na kakata, da ƙoren da aka yi wa zane irin na gidanmu. Waɗannan me suka yi? Wani mai wa'azi, ɗan ƙasa kamar mu, ya ce duk abin da ya fito daga tsohon gida na Shaiɗan ne. Yau in 'ya'yana suka tambaye ni yadda kakanninsu suka yi zama, ba ni da ko tsinke da zan nuna musu. Sa'an nan in wani ya ce Bahaushe Kirista baƙo ne a ƙasar Hausa, sai ranmu ya ɓaci, alhali shaidar da za mu kafa mun mai da ita toka.

A makarantar tauhidi mun daɗe a kan wurare biyu na Littafi Mai Tsarki. A Joshuwa sura 4, an ɗebo duwatsu 12 daga Urdun aka kafa su domin yara su gani su yi tambaya. A 2 Sarakuna sura 18 kuwa, Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da Musa ya yi, domin mutane sun koma ƙona masa turare. Ashe ajiye abu don tunawa daban, yi masa sujada daban. Mu kuwa muka haɗa su muka yi musu kuɗin goro.

Bari in ba ku misalin abin da mai zane zai iya yi. A babbar majami'ar Saint Paul da ke Landan akwai allon tunawa da Harry Rawson, hafsan sojan ruwa da ya jagoranci yaƙin Benin. A Fabrairu 2022, shekara 125 da yaƙin, wani mai zane ɗan jihar Edo, Victor Ehikhamenor, ya kafa hoton Oba Ovonramwen, sarkin da aka tuɓe aka kai Kalaba, a kusa da allon nan. Da carbin addu'a na 'yan Katolika ya haɗa hoton. Bai fasa allon ba, bai goge sunan kowa ba. Sai dai a lokacin da hoton yake wurin, duk wanda ya je karanta yabon Rawson, sai da ya haɗa ido da mutumin da aka ƙone wa gari. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Tushen irin wannan tunani ma a arewa yake: a Zariya ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su yar da zanen gida don na Turai ba.

To, 'ya'yana, ga abin da nake roƙonku. A cikinku akwai masu zane, masu ɗinki, masu ɗaukar hoto. Me ya sa duk hoton da ke bangon majami'unmu na Bature ne mai shuɗin ido, ga kuwa zanen bango na maginan Hausa ana kallonsa a banza? Ku gwada shi a ƙofar majami'arku. Ku je Gidan Makama ku ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni da aka adana. Ku kuma 'yan'uwana fastoci, in sabon tuba ya kawo kaya, a zauna da shi a rarrabe. Abin da lamirinsa ya ce a ƙone, a ƙone, amma a fara rubuta sunansa da abin da ake yi da shi. Sauran a ajiye wa jikoki.

Kafin taron baɗi, kowace ikilisiya ta ɗauko muryar dattijo ko dattijuwa guda biyu, su faɗi sunayen kakanninsu, garin da suka taso, da yadda bishara ta same su. Wanda wayarsa ba ta ɗaukar murya ya ga sakataren matasa bayan addu'ar rufewa.