Jawabin Kwamiti: Tarakta Ko Ƙaramin Injin Huɗa?

Dattawa, da ƴan'uwa da ke cin rani a Kano, Kwatano da Abijan.

Kuɗin da kuka aiko sun taru, amma inji ɗaya kaɗai za su saya. Ga abin da muka gani.

Tarakta tana gama fili mai faɗi da wuri, tana jan tirelar dammunan hatsi. Amma tana shan gazuwal, kuma ba ta juyawa cikin fangali. A jigawa, in garmarta ta nutsa, iska ta kwashe ƙasa; ƴan gawon da muke rayawa ma sai ta tumɓuke su.

Ƙaramin, wanda mutum ke bi a baya yana riƙe da shi, yana juyawa ko'ina, mai kaɗan ya ishe shi, makanikenmu na gari na iya gyara shi. Sai dai yana da nawa, yana gajiyar da mai tuƙi.

Shawararmu: a sayi ƙaramin don fadama, jigawa a bar wa garmar shanu da hauya. Mai wata magana shi aiko kafin ruwan shuka.

Allah shi ba mu damina mai albarka.