Ba a Fafe Gora Ran Tafiya

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai a kan takardar jagorar sabunta kwamfuta



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarku da suka ba ni wannan dama, ko da yake akwai waɗanda suka fi ni sani a zaune a nan. Ni mutumin Ɗan Isa ne, ta wajen Ƙauran Namoda, kuma abin da na zo muku da shi a bakin aikin ofis na koye shi, bayan na sha wuya. Maganata a kan takarda ce, watau takardar da ya kamata a rubuta a duk lokacin da za a canza wa kwamfuta uwar manhajarta.

Bari in fara da bayyana abin da nake nufi. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ke riƙe da ragamar kome: ita ke buɗe fayil, ita ke aika takarda zuwa firinta, a kanta kuma sauran manhajoji ke zaune kamar yadda ɗakuna ke zaune a kan harsashi. Ita nake kira uwar manhaja. Wadda aka fi sani a ofisoshinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, amma akwai waɗansu, kamar Ubuntu, da Android da ke cikin wayoyin mafi yawanku.

Uwar manhaja tana da wa'adi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu, 2014, ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuwa wa'adinta na gama-gari ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. Daina kulawa ba ya hana kwamfuta tashi. Abin da yake nufi shi ne in an gano wata kafa da ɓarayi za su iya shiga ta ciki, ba mai toshe maka ita. Ko kafin cikar wa'adi ma, jinkirin karɓar gyara yana da tsada. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Ingila suka soke ganin marasa lafiya dubbai, alhali kuwa tun watan Maris na wannan shekara aka fitar da maganin abin. Waɗanda suka yi sakaci su ta kama. Saboda haka sabuntawa tilas ce.

Amma sabuntawar ita ma tana da nata haɗari. A watan Oktoba na 2018 kamfanin Microsoft ya dakatar da wani sabon zubi na Windows 10 'yan kwanaki bayan fitowarsa, domin an tarar yana goge fayilolin waɗansu mutane. To, in waɗanda suka ƙera abu suna iya yin tuntuɓe, ina ga akawun da aka bar shi da kwamfuta ɗaya tal a wani ofis a Zurmi ko Shinkafi?

Ga abin da ya same ni. A shekarar 2014 ina aiki a wani ƙaramin ofis a yankinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Kwamfutarmu ɗaya ce, a cikinta jerin sunayen ma'aikatan wucin gadi yake, da lissafin alawus ɗinsu. Muna da wani yaro ɗan bautar ƙasa, mai hazaƙa da ladabi. Da ya ji an daina kula da Windows XP, sai ya ba da shawara a koma Windows 7, muka amince, ya yi aikin a makonsa na ƙarshe, ya yi mana sallama ya koma garinsu. Ni da hannuna na sa hannu a takardar sallamarsa, ban tambaye shi ko layi ɗaya na abin da ya yi ba.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla muka tashi buga jerin biya. Firinta ta ƙi. Muka buɗe jerin sunaye, sai muka ga duk inda harafi mai lanƙwasa yake ya rikiɗe ya zama wata alama dabam. Sunan garinmu kansa ban gane shi ba, domin harafinsa na farko ya ɓace. Ƙaramar manhajar da ke yin lissafin kuwa ta nemi lambar sirri, wanda ya san ta yana can wata jiha, wayarsa ba ta shiga. Masu shara da masu gadi suka yi ta zarya a bakin ofis, wani dattijo ya tsare ni ya ce, "Malam, na karɓi yadin yara bashi, me zan ce wa mai kanti?" Sai bayan Salla aka biya su. Yaron nan bai ɓata kome ba. Abin da ya sani ne ya tafi da shi a cikin kansa, mu kuwa ba mu nemi ya bar mana shi a rubuce ba.

Wani zai ce ai kamfanonin suna da bayanai masu yawa a intanet, me ya sa za mu sake wahala? Gaskiya ne suna da su, amma ba don irin halinmu aka rubuta su ba, kuma zan kawo dalilai huɗu.

Na farko, harshe. Yawancin bayanan da Ingilishin masana aka rubuta su, mai karanta su kuwa sau da yawa akawu ne ko mai buga takardu, wanda ya fi fahimta in an yi masa bayani da Hausa.

Na biyu, layin sadarwa. Duk wanda ke Zamfara a watan Satumba na 2021 bai manta ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda sha'anin tsaro. Jagorar da sai an hau intanet za a karanta ta, a irin wannan lokaci da ita da babu duk ɗaya. Ko a ranar da layi ke aiki ma, mutumin da kwamfutarsa ta ƙi tashi da me zai buɗe shafin?

Na uku, wutar lantarki. Mai rubutu a Amurka ba ya kawo wa ransa cewa za a ɗauke wuta aiki yana tsakiya. Mu kuwa mun san haka, kuma yankewar wuta ana cikin sabuntawa tana iya barin kwamfuta a tsaka mai wuya, ba ta ga tsohuwa, ba ta ga sabuwa.

Na huɗu, haruffanmu. A da, masu buga Hausa suna amfani da waɗansu zubin haruffa na musamman, waɗanda suka ɗora ɓ da ɗ da ƙ a gurbin waɗansu alamomi. In aka canza uwar manhaja ba a mayar da wannan zubi ba, sai alamomin asali su fito. Maganin dindindin shi ne a juya tsofaffin fayiloli zuwa tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafinmu lambarsa ta kansa. Ba wanda zai rubuta mana wannan daga waje, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, me ya kamata takardar jagora ta ƙunsa? A ganina abubuwa biyar ne.

Da farko, ƙidayar abin da ke akwai: irin kwamfutar, da uwar manhajar da ke kanta, da kowace manhaja da ake aiki da ita, da irin firinta, da inda aka adana lambobin lasisi. A nan ne za a gane ko injin zai iya ɗaukar sabuwa. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana bukatar aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da gigabait 64 na ma'aji, da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Gara a san haka tun da wuri, a sa shi cikin kasafin kuɗi, ko a duba ko wata irin Ubuntu za ta biya bukata, tun da ita kyauta ce, kuma zubinta mai dogon zango yana fitowa duk shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar.

Na biyu, kwafin ajiya. A rubuta waɗanne fayiloli aka kwafa, a ina aka ajiye su, wane ne ya kwafa, ran nawa ga wata. Bugu da ƙari, a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbata yana buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai.

Na uku, matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki da lambarsa, tare da abin da mutum zai gani a fuskar kwamfuta in ya yi daidai. Kada a rubuta "a shirya firinta" a wuce. A faɗi sunan ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfutar, da filashin da take ciki, da durowar da filashin yake. A rubuta kuma cewa ba a farawa sai an cika batir, an tanadi man janareto.

Na huɗu, hanyar komawa baya. Windows takan ba da kwana goma a koma tsohon zubi bayan an sabunta, in sun wuce sai ta share hanyar. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta jira har dama ta kuɓuce. Har ila yau, in an kulle ma'ajin kwamfutar da BitLocker, akwai mabuɗin ceto mai lambobi 48. A buga shi a takarda, a sa a ambulan, a ba shugaban ofis ya kulle tare da lambobin sirri, kada a liƙa su a jikin bango.

Na biyar, rahoton bayan aiki: abin da ya tafi daidai, abin da ya ba da wuya, da yadda aka warware shi, da kwanan wata, da muƙamin wanda ya yi. Wannan sashe ne aka fi rainawa, shi ne kuwa ya fi amfani ga mai zuwa.

Bayan duk wannan akwai sharaɗi ɗaya. Marubuci ba ya iya auna takardarsa, domin kansa yana cike masa gurbin da ya tsallake. A miƙa ta ga wanda bai taɓa yin aikin ba, a zauna a gefe a yi shiru, a ga inda zai tsaya yana waige-waige. Duk inda ya tsaya, a nan takarda ta gaza, sai a gyara. Sa'an nan a buga ta, a sa a fayil mai lamba, a ajiye a rajista kamar kowace takardar gwamnati.

'Yan'uwana, wannan ba baƙon abu ba ne a aikin gwamnati. Tun zamanin En'e ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yakan bar takardar miƙa aiki, a ƙirga kujeru da kabad da makullai. Abin mamaki, har yanzu muna ƙirga kujera, amma kwamfutar da ke riƙe da albashin mutane sai mu rubuta "kwamfuta ɗaya" mu ja layi. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, albashi da rajistar ɗalibai su ma can suka nufa. Duk ranar da ɗaya daga cikin injinan nan ya tsaya, akwai ɗalibi ko magidanci da ke tsaye a bakin ƙofa yana jira.

Ina da roƙo biyu. Ku ɗaliban ilmin kwamfuta, na nan da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ku haɗa kai da ɗaliban sashen Hausa ku rubuta gajeriyar jagora, shafi huɗu ko biyar, da Hausa da Ingilishi, ku gwada ta a kan kwamfutocin ƙungiyarku kafin ku kai ta ko'ina. Ku kuma da kuka fara aiki, ko kuke shirin tafiya bautar ƙasa, kada ku bar ofis sai kun bar takarda, kada kuma ku sa hannu a sallamar kowa sai kun karɓi tasa, kun karanta ta a gabansa. Ni ban yi haka ba, dattawa suka yi Salla da bashi a wuyansu.

 Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya sa ku fi mu kula da amanar jama'a.