Tsakanin Taɓawa da Zabura



Abin da za mu tattauna yau shi ne ɗan lokacin nan da yake shigewa tsakanin a taɓa mutum da ya motsa. A ido kamar babu shi, amma yana nan, kusan kashi ɗaya bisa shida na sakan ga lafiyayyen saurayi. Tun a 1850 Helmholtz na ƙasar Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar wajen mita 30 ne cikin sakan guda. Ashe ji ma tafiya yake yi kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

Ƙarfin taɓawa yana rage wannan jinkiri. Piéron, wani masani Bafaranshe, ya nuna a farkon ƙarni na 20 cewa gwargwadon ƙarfin abin da ya sami jiki, gwargwadon saurin amsawa, amma akwai iyakar da in an kai ta ƙarin ƙarfi ba ya ƙara kome.

Abin da ya fi ba mu sha'awa kuwa shi ne gwajin da Donders na ƙasar Holan ya bayyana a 1868. An riƙa ɗana wa mutum lantarki kaɗan a ƙafa, shi kuma ya amsa da hannun da ke wannan ɓangaren. In an faɗa masa ƙafar da za a taɓa, nan da nan yake amsawa. In ba a faɗa ba, sai ya ƙara wajen kashi ɗaya bisa 15 na sakan. Lantarkin bai sake ba, fatar ma ita ce dai. Ƙwaƙwalwa ce ta tsaya tantance dama da hagu.

Amma fa tsammani yana da nasa sharrin. Wane ne a cikinmu, yana jiran saƙon kuɗi daga gida, bai taɓa jin wayarsa ta girgiza a aljihu ba, ya zaro ya ga wayam? Riga ce ta goge shi, zumuɗi ya fassara.

Saboda haka muna ganin akwai gyara ga mai ɗaukar lissafin ɗakin gwaji ya ɗora wa direba. Wasu motocin zamani suna girgiza sitiyari in mota ta fara barin layinta. Wanda aka gwada a ɗaki ya san taɓawa tana tafe, ya shirya mata. Direban da gyangyaɗi ya kama da tsakar dare bai san da zuwanta ba, don haka sai girgizar ta yi ƙarfi sosai kafin hannunsa ya amsa a kan kari.