Jawabin Ma'ajiya: Kati da Data Ma Daga Jari Suke Fita



An ce in yi magana kan kuɗin da ke zurarewa daga jarinmu ba mu ankara ba, ni kuwa na zaɓi waya. Mai turaren wuta, mai atamfa, mai dambun nama, duk a WhatsApp muke tallar haja yanzu. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kati ya daina auki.

Sai a tambaye ni: wane layi ya fi sauƙi, MTN, Airtel ko Glo? Wallahi talla ba ta ba da amsa. Wannan tsarin na kwana ɗaya ne, wancan na mako, wani na wata amma wani kaso sai dare ya raba ake cin sa. To wace ce ke ciniki ƙarfe biyun dare? Ga kuma garaɓasar kati: ki sa kaɗan a ce an ninka miki, alhali sau da yawa minti a cikin garaɓasar ya fi tsada, kwanakinta kuma ƙidayayyu ne. Kamar a auna miki gero, wannan da tiya, wancan da kwano, wani da gwangwani, a ce ki faɗi mai araha.

To mu mayar da su mudu ɗaya. Ki lissafa gigar da za ki iya ci da rana kawai, ki raba kuɗin da ita. A ce na mako naira 800 ne: sau huɗu ya zama 3,200, watan ma bai cika ba. Da wannan za ki gwada na wata. Kafin ki canja layi kuma, tambayi maƙwabciyarki ko sabis ɗinsa na shiga ɗaki, don akwai unguwar da sai an fita tsakar gida.

Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layukan Najeriya: *310# don ganin kuɗi, *323# don ragowar data, *312# don saye. Ki kula da tsarin da ke sabunta kansa, shi ne ke lashe katin da kika sa don kiran mai kawo kaya. Saƙonnin talla kuwa, ki tura STOP zuwa 2442. Idan an cire miki kuɗi kin kai ƙara kamfani bai gyara ba, ki kira NCC a 622, kyauta ne.

Wadda karatun saƙon ke ba ta wuya, ta zo da wayarta ranar zubi mu duba tare.