Yadda waya ke sanin inda kake a daji

 

Da yawanku kun saba: mota ta lalace a hanya, ko saniya ta kwanta a daji, sai a ce maka turo wurin da kake ta WhatsApp. To, ya waya take sani?

Sirrin yana ga gudun haske. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma saƙon rediyo, har wannan muryar tawa, haka yake gudu. Tafiyar Parakou zuwa Djougou da ke cin awa biyu ko fiye a mota, shi ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba ya cikawa.

Taurarin ɗan Adam na GPS suna sama, nisan kilomita kamar 20,200. Kowanne na ɗauke da agogo mai daidaito ƙwarai, yana ta shelar inda yake da lokacin da ya yi magana. Wayarka ta duba jinkirin isowar saƙon, ta lissafa da gudun haske, sai nisa ya fito. In ta ji huɗu, ta gane inda take. Kamar fataken da ne: sanin saurin jaki da kwanakin tafiya, shi ne sanin nisan zango.

Amma a kula. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, mita 300 ne a ƙasa. A fili waya kan kauce da mita biyar ko kusa. Ƙarƙashin rufin kwano a kasuwar Arzeke, ko cikin duhuwar itatuwa, saƙon kan tare ko ya yi karo ya kewayo, kuskuren ya ƙaru.

Saboda haka, Baba makiyayi, in gardama ta tashi kan bakin burtali da gona, kada ka rantse da ɗigon nan na waya. Ka fita fili, ka jira minti biyu, sannan a kira dattawa da hukuma. Kai kuma Alhaji, ka sauke taswira tun kana gari. Sanin wuri ba ya buƙatar rezo, tura wa wani ne ke buƙata.

Allah ya tsare hanya, ya ba dabbobi lafiya. Sai mako mai zuwa.