Jawabi Kan Tunatar Da Iyaye Ranar Rigakafi

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, da jama'ar Sabo baki ɗaya.

Da yawa daga yaranmu da ba su kammala allurar rigakafi ba, ba wai ƙi iyayensu suka yi ba, mantuwa ce kawai. Ai allurar ba sau ɗaya ake yi ba. Ana farawa da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara, a sake ta ƙyanda a wata 15. To, uwa tana fama da jego, uba yana kasuwa, sai rana ta wuce. Yaron da aka fara wa aka bari kuwa, kariyarsa ba ta cika ba.

Don haka muna kawo shawara uku. Na ɗaya, ranar suna a rubuta sunan jariri da lambar wayar ubansa a littafin mai unguwa, saura kwana biyu a buga masa. Na biyu, limamai su riƙa tunatarwa ranar Juma'a. Na uku, mata su riƙe wannan: da an yi arba'in, allurar sati 6 ta zo.

Wadda za ta Arewa ganin gida, don Allah ta tafi da katin yaro. Asibitin gwamnati na can zai ɗora daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne. In rana ta wuce, a kai shi hakanan, ba a komawa farko.

Allah ya raya mana zuriya. Wassalam.