Gasar harbin kibiya ta duniya: yadda ake fid da gwani

 

Hirarmu ta yau a kan baka da kibiya take. Ba baƙon abu ba ne gare ku. Da wuya a sami garin da ba maharbi, ko jikan maharbi da ya rataye kwarin kakansa a ɗaki. A wurinmu baka na farauta ne da tsaron gida. Amma a ƙasashe da yawa harbi ya zama wasa, kamar kokowa ko ƙwallo. Ba dabba, ba dafi. Ana taruwa ƙasa-ƙasa, a harbi allo, a ƙidaya maki, a fid da gwani. Yadda ake fid da gwanin nan shi ne zan bayyana muku, don akwai dabara a ciki, akwai kuma gardama.

Harbi ya shiga wasannin Olampik, wato babban taron wasanni na duniya da ake yi kowace shekara 4, tun 1900 a birnin Pari. Amma a lokacin kowace ƙasa da nata ƙa'idodi, mai masauki shi ke tsara abin da ya ga dama. Bayan 1920 sai aka cire shi. A 1931 wakilan wasu ƙasashe suka taru a Polan, suka kafa ƙungiyar maharba ta duniya mai suna FITA, don kowa ya bi doka guda. Tun 2011 sunanta World Archery, mazauninta birnin Lozan na ƙasar Suwis. Sai a 1972, a Munik ta Jamus, harbi ya koma Olampik, bayan shekara 52. Ban da Olampik, ƙungiyar tana shirya gasar duniya kowace shekara 2, da wata gasar kofi da ke zagaya ƙasashe kowace shekara tun 2006.

To, mu shiga fili. Maharba suna tsayawa a layi guda, allunan suna can gabansu metir 70. In kun san filin ƙwallo, kusan kashi biyu cikin uku ne na tsawonsa. A kan kowane allo akwai zane kamar faifai, faɗinsa santimetir 122, an raba shi zobe 10, wani cikin wani. Zobba biyu na baki farare ne, maki 1 da 2. Sai baƙaƙe, 3 da 4. Sai shuɗɗa, 5 da 6. Sai jajaye, 7 da 8. Na tsakiya masu ruwan ɗorawa, 9 da 10. Zoben 10 ɗin nan faɗinsa santimetir 12 da ɗan kai, bai wuce bakin ludayi ba. Ku kwatanta a ranku: bakin ludayi a nisan metir 70, ga iska tana kaɗawa. Don haka ne ake kafa ƴar tuta bisa kowane allo, maharbi ya ga inda iska ta nufa kafin ya saki tsirkiya.

Bakansu ba irin namu ba ne. Da ƙarfe marar nauyi da wasu sinadarai ake ƙera shi, yana da abin saiti, da sanduna a gaba masu hana shi rawa. Amma babu gilashin da ke kawo abu kusa, kuma da yatsu ake jan tsirkiya. Ƙarfin jan yana kai kamar ɗaga kilo 20. Akwai wani baka mai ƴan ƙafafu irin na guga a bakinsa biyu, wanda ake harbawa a metir 50. Shi gasarsa dabam take, kuma sai a 2028 aka shirya zai fara shiga Olampik. Mu bar shi.

Ranar farko kowa yana harba kibiya 72, shida-shida har sau 12. Usur ke ba da umurni: busa biyu a zo layi, busa ɗaya a fara harbi, busa uku a tafi ɗebo kibau. In an isa allo, ba mai taɓa kibiya sai an rubuta. Kowa ya faɗi makin kibansa, daga babba zuwa ƙarami, abokan hamayyarsa suna kallo. In kibiya ta taɓa layin da ya raba zobe biyu, babban makin ake ba ta. In an yi musu sai a kira alƙali ya duba da gilashi, abin da ya ce shi ke nan. A ƙarshe maharbi ya duba lissafin takardarsa, ya sa hannu.

Masu allo da alli a gabansu, ku buga: 72 sau 10 nawa? 720. Shi ne iyakar maki, kuma ba wanda ya taɓa kai wa can da bakan Olampik. Brady Ellison na Amurka ya sami 702 a Lima ta ƙasar Peru a 2019. Cikin mata, Lim Si-hyeon ta Koriya ta Kudu ta sami 694 a Pari a 2024.

Ga abin mamaki. Wanda ya zo na ɗaya a wannan rana ba a ba shi lamba ko ta tagulla. Kibiya 72 ɗin nan jeri kawai suke ba mutum. A Olampik maza 64 ne, mata 64. Sai a haɗa na 1 da na 64, na 2 da na 63, haka har a haɗa kowa. Daga nan mutum biyu-biyu ake karawa, wanda aka kayar ya fita. Masu bin kokowar takobi sun san wannan: wanda ya faɗi sau ɗaya, takobin bana ya wuce shi. Kafin mutum ya ci lambar zinariya sai ya kayar da mutum 6 a jere.

A dā ba haka ake yi ba. Ana kwana da kwanaki ana harbi, a tara maki duka, wanda ya fi yawa ya ci. Adalci ne, ba shakka. Amma mai kallo ba abin da yake gani sai mutane jere suna harbi, sai an gama lissafi ya ji wanda ya ci. Shi ya sa a 1992, a Barselona, aka fara karawar mutum biyu-biyu. A 2012, a Landan, aka ƙara wani sauyi, wanda ake bi har yanzu. Ku saurara da kyau, nan ne ƙashin maganar.

Ana raba karawa turmi-turmi. Kowane turmi kibiya 3 ne, wannan ya harba, wancan ya harba. A manyan karawa daƙiƙa 20 kawai ake ba mutum ga kowace kibiya. Wanda makinsa ya fi a turmin ya sami ci 2, in sun yi daidai kowa 1. Wanda ya fara tara 6 ya yi nasara. Makin turmin da ya wuce ba ya bin mutum zuwa na gaba.

Mu yi misali. Maharbi na farko ya sami 28, 28, 20, 28. Na biyu ya sami 27, 27, 30, 27. Ku tara. Na farko 104, na biyu 111. Amma na farko ne ya ci turmi uku, ya yi nasara 6 da 2, shi kuwa mai 111 ya naɗe kayansa. Akwai masu cewa wannan zalunci ne, kuma maganarsu ba banza ba ce. Ni dai a ganina tsarin yana da kyau. A tsohon lissafi, kibiya guda ta kauce saboda iska, shi ke nan mutum ya san ya faɗi, sauran harbin wahala ce kawai. Yanzu turmi guda ya rasa, yana iya tashi. Ranar farko ta auna hannu, karawa kuwa zuciya take aunawa. Har a wasannin Tokiyo na 2021 an riƙa nuna bugun zuciyar maharba a talabijin, mai kallo yana ganin wanda tsoro ya kama.

Akwai kuma gasar ƙungiya: mutum 3, kowa kibiya 2, su gama cikin minti 2, wanda ya fara tara 5 ya ci. Akwai ta mace da namiji tare. A nan sai an ambaci Koriya ta Kudu. Tun da aka fara gasar ƙungiya a 1988, matansu ne suka ci zinariya kowane karo har 2024, sau 10 a jere. Ƙasa ba ta kai fiye da maza 3 da mata 3, su kuwa gwanayensu sun yi yawa, don haka kowace shekara kowa sai ya sake gwaji, ba a duba sunan da ya yi jiya. An San, wadda ta ci zinariya 3 a Tokiyo, ta faɗi gwajin gida, ba ta je Pari ba.

Bari in ba ku labarin gasar maza ta Pari a 2024, don duk abin da na faɗa yana cikinta. Kim Woo-jin na Koriya ya zo na 1 a ranar farko. Na 64 kuwa maƙwabcinmu ne, Israel Madaye na ƙasar Cadi. Bisa doka sai aka haɗa su. Kim ya ci 6 da 0. A turmi na biyu wata kibiyar Madaye ta faɗa farin zobe na baki, maki 1, abin da ba a cika gani a Olampik ba. Kada ku yi dariya. Ba gayyatar kowa ake yi ba, sai ƙasa ta sami gurbi, kuma mutum 64 kaɗai ke tsayawa a layin nan cikin mazan duniya. Mutanen Koriya da kansu sun yi ta aika masa saƙon ƙarfafa gwiwa bayan karawar.

Kim ya ci gaba har karawar ƙarshe, ran 4 ga watan Agusta, ya haɗu da Ellison, mai 702 ɗin nan. Ellison ya ci turmin farko, Kim ya rama. Ellison ya ci na uku, Kim ya sake ramawa. A turmi na biyar kowannensu ya harba 10, 10, 10. Ya zama 5 da 5. In haka ta faru, doka ta ce kowa ya harba kibiya ɗaya tak, wadda ta fi kusa da cibiyar allo ta ci. Kim ya harba, 10. Ellison ya harba, 10. Da aka auna, ta Kim tana milimetir 55,8 daga cibiya, ta Ellison 60,7. Tsakaninsu bai cika milimetir 5 ba, wato rabin santimetir. Wanda ke da magwaji na lakkwal a gida, ya karɓa hannun yaro ya duba. Kim ya ɗauki zinariya, Ellison azurfa, Koriya kuwa ta kwashe zinariya 5 duka na harbi a shekarar.

Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.